Haƙarƙarin Amama

Ni ce mai wankan gawar mata a ɓangarenmu na unguwar Maamobi, daga bakin babbar gota, wato kwatar ruwa, har bayan kasuwa. Sunana Zelia. Duk macen da ta cika a layukan nan, Hajiya mai gwal ce ko mai tallan gyaɗa, ta hannuna take bi kafin maza su ɗauke ta. Saboda haka ranar da Mulikatu ta kafa allo a ƙofar shagon da ta kama haya, sai da na sa aka karanta mini rubutun sau biyu. Wai makarantar koyon taimakon gaggawa da ceton rai. Na ce to madalla, ashe an kusa sallamata daga aiki.

Mulikatu ɗiyar ƙanwata ce, a ɗakina aka yaye ta. Ta yi shekaru a Legas tana aiki a wani ƙaramin asibitin kamfani, ta dawo shekarar da aka koro mutanenmu daga can, da jaka ɗaya da baki mai tsawo. Tun daga nan komai namu ya zama kuskure a idonta. In yaro ya ƙone muka shafa masa manja, kuskure. In farfaɗiya ta kayar da mutum muka sa masa cokali a baki, kuskure. Ta je unguwar Adabraka ta ƙaro karatu na wasu watanni, ta dawo da takardar shaida a cikin gilashi. Sannan ta sayar da keken ɗinkin da uwarta ta bar mata, ta sayo wani abu a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a Tema. Rabin mutum ne na roba, ba hannu ba ƙafa, baki a hangame. 'Yan unguwa suka sa masa suna Baturiyar Mulika. Yini take durƙushe a kansa, ta danna ƙirji, ta hura baki, tana ƙirga da Turanci.

"Mma," ta ce da ni ranar da na leƙa, "da yawa cikin waɗanda kike wankewa, da an samu mai danna musu ƙirji a kan lokaci, da ba su zo hannunki ba."

"Sai ki ƙara layi ɗaya a allon naki, Mala'ikan Mutuwa ya san an hana shi shiga Maamobi."

"Ba da ajali nake ja ba. Zuciya ce takan tsaya, a tashe ta."

"Kin taɓa tayar da ta mutum?"

Ta hau goge fuskar robar da tsumma. Ba ta taɓa ba. Amsar da na zo nema ke nan, na same ta, na yi tafiyata.

Duk da haka ta samu wanda ya ɗaure mata gindi. Ishawu, shugaban direbobin tirotiro, ƙananan motocin haya na tasharmu, ya yi alkawarin turo mata direbobi da yaran mota su zama ajin farko, don ya gaji da ganin yadda suke jan wanda ya yi haɗari ta ƙafa kamar buhun gawayi. Da su za ta buɗe, da su za ta tsaya da ƙafarta. In direbobi suka shiga, malaman makaranta da matan kasuwa za su biyo baya. In suka ƙi, ba wanda zai taka ƙofar. Kowa ya san haka, ita ma ta sani. Aka sa ranar Asabar ta makon gaba.

Uwar Ishawu ita ce Amama mai wake da shinkafa, ƙawata tun muna ɗaura zane a ƙirji. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda in ta yi dariya a bakin tasha ana jin ta a masallaci.

Cikin kwanakin nan aka yi suna a gidan maƙwabtanmu. Da hantsi tsakar gida ta cika da mata, tukwane a kan murhu, Amama na tsaye tana tuƙa tuwo tana yi wa wata faɗa a kan gishiri. Sai muciya ta suɓuce mata. Ta dafe ƙirji, ta nemi zama, ta kife gefe guda. Mata suka yi kanta, wannan ta watsa ruwa, waccan ta kara mata albasa a hanci, wata na fifita da faifai. Na kutsa na ɗora kanta a cinyata, na dubi idonta. Na san wannan idon, ba yau na fara ganinsa ba. Na sunkuya daidai kunnenta na fara laƙƙana mata kalmar shahada, a hankali, yadda ake yi wa mai tafiya.

Ban kai ƙarshe ba na ji an fizge ni.

"Ku ba ni wuri! Mma, matsa! Wani ya nemo tasi!"

Mulikatu ce. Ta ture ni har na zauna daɓas cikin ruwan wanke-wanke, ni da na goya ta. Ta ja Amama ta shimfiɗe a kan siminti, ta yaye mata mayafi, ta ɓalle mata riga a gaban jama'a, har da mazan da suka leƙo daga zaure. Ta haɗa hannuwa biyu a ƙirjinta ta hau dannawa da dukan ƙarfinta. Ta danna, ta danna, ta toshe mata hanci ta haɗa baki da baki ta hura, ta koma dannawa. Mata na salati, wasu na ihu a janye ta, ita ko a jikinta. Gumi na ɗiga daga haɓarta, bakinta na ƙirga.

Wannan ƙirgar ce ta tsaya mini a wuya. Matar da ko ruwan sama bai taɓa hana ta sallar asuba a kan lokaci ba, abin da kunnenta ya ji na ƙarshe a duniya shi ne wan, tu, tiri. Na ji haushi ranar, kuma har yau in na tuna ina ji.

Tasi ya zo, aka kai ta asibiti, suka ce ai rai ya riga ya yi halinsa. Kafin azahar an dawo da ita gida, an kira ni. Na dafa ruwan magarya, na sa kafur, na rufe ta da zane. 'Yarta ce ta riƙa zuba mini ruwa, amma ta kau da kai tana kuka tun daga fari har ƙarshe. Hannuna kaɗai ya bi jikin ta ƙarƙashin zanen, daga wuya har tafin ƙafa. Na sa mata likkafani, maza suka ɗauka.

Ba a dawo daga maƙabarta ba magana ta riga ta zaga unguwa. Wata ta ce da kunnenta ta ji ƙas, lokacin da Mulika ke dannawa. Wata ta ce sau biyu ta ji. Wata ta ce itacen murhu ne ya fashe, aka yi mata caa har ta janye. Kafin magariba haƙarƙarin Amama duka sun karye a bakin mutanen da ba su ma je sunan ba. Daga nan aka ƙara gishiri, wai suma kawai ta yi, da an bar ta da albasa da ta farfaɗo, Mulika ce ta murƙushe ta don ta gwada abin da take yi wa roba. Irin bakin mutanenmu na Zongo ke nan, in ya samu abin taunawa ba ya jiran a dafa.

Bayan addu'ar uku, Alhaji Ya'u mai unguwa ya tara mutane a rumfar ƙofar gidansa. Maza a kan benci, mu mata a tabarma daga gefe. Liman Abubakari na zaune kusa da shi. Mulikatu na tsaye ita kaɗai jikin ginshiƙi, ba wadda ta matsa mata wuri.

Ishawu ya miƙe, idanu jajur. Shi haifaffen unguwar Nima ne, a Hausar bakinsa mace da namiji duk ɗaya ne.

"Alhaji, ni ba na son dogon magana koraa. Ni na yarda da Sista Mulika, ni na ce zan kawo masa direbobi. Yanzu ana cewa ya karya uwana. Mutum ɗaya ne ya taɓa jikin." Ya juyo ya nuna ni. "Mma Zelia, kai ne ka wanke shi. Ƙashi ya karye ko bai karye ba? In bai karye ba, wallahi Asabar ni da kaina zan zauna a bencin gaba. In ya karye, allon nan ba zai kwana ba."

Na ga Mulikatu ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun ranar sunan.

"Ishawu," na ce, "Allah ya jiƙan uwarka. Na wanke ta, na sa mata sutura. Iyakar abin da zan ce ke nan."

"Ba shi na tambaya ba."

"Na ji abin da ka tambaya. Ba kurma ce ni ba."

Alhaji Ya'u ya juya ga liman. Malam Abubakari ya gyara murya ya ce mai wanka amana ke hannunta. Abin da ta gani na aibi ba ta faɗa, wajibi ne ta rufe. Amma in alheri ta gani, ba laifi ta faɗa, har an so hakan. Da kyakkyawar niyya ya yi maganar, na sani. Sai dai da ya haɗiye rabinta na biyu da ya fi mana alheri.

"To kun ji!" Ishawu ya buga hannu a cinya. "Alheri ana faɗi, aibi ake ɓoye. Shi kuma ya ɓoye. Me ya rage?"

Na miƙe, gwiwoyina na ƙara, don ba a zaune ake irin wannan magana ba.

"Malam, ban ja da littafi ba. Amma tsohuwar da ta koya mini aikin nan, 'yar Salaga ce, abu na farko da ta sa ni na rantse a kai shi ne kada in faɗi mai kyau, kada in faɗi mummuna. In yau na ce jikin Amama lafiya lau, gobe na wanke matar wani na fito na yi shiru, me za a ce a bakin famfo? Waɗanda na riga na wanke ban ce komai a kansu ba fa? Uwar Alhaji na cikinsu. Matan wasunku na ciki, da 'ya'yanku mata. Kuna so a koma a riƙa auna shiruna ɗaya bayan ɗaya?"

Akwai mazan da suka sunkuyar da kai a rumfar nan. Ban ce don me ba.

"Wannan duk dabara ne paa," in ji Ishawu. "Ɗan ƙanwanka ne, kana rufa masa asiri."

"Yarinyar da ta zaunar da ni cikin ruwan wanke-wanke a gaban mutane? Da rufa mata asiri nake so, ai kalma ɗaya ce, da na faɗa mun tashi."

Mulikatu ta buɗe baki a lokacin. Ta ce ko a karatu an gaya musu haƙarƙari na iya karyewa ko da an yi komai daidai, ƙashi yana ɗoruwa, numfashi ne ba ya jira. Gaskiya ce ko ba gaskiya ba, wurin bai dace da ita ba. Ɗan mamaciya na tsaye, ƙasar kabari ba ta bushe ba, ke kina karanta masa darasi. Rumfa ta kaure da hayaniya, wani direba ya ce ashe karya mutane za a koya musu, wata daga bayana ta tofar da yawu. Da ƙyar Alhaji Ya'u ya kwantar da su. Ya ce tun da ba shaida, shi ba zai rufe shagon kowa ba, kuma ba zai tilasta wa kowa shiga ba. Ishawu ya ce duk direban da ya taka ƙofar nan ya nemi wata tasha.

Washegari da la'asar ina tsintar wake a ƙofar ɗakina Mulikatu ta shigo. Ba ta zauna a kujera ba, ta durƙusa a gabana yadda ta saba tana ƙarama. Ta rame cikin 'yan kwanakin nan, idanunta sun faɗa.

"Mma, ba don direbobi na zo ba. Sun tafi, na sani."

Na ci gaba da tsintar wakena.

"Ranar da nake danna ƙirjin Amama na ji wani abu ya motsa a ƙarƙashin hannuna. Tasbaharta na wuyanta, wataƙila ita ce. Wataƙila ƙashi ne. In haƙarƙari ne a inda ya kamata, zan iya ɗauka. Amma in hannuna ya sauka ƙasa da wurin, to ba ƙashi kaɗai na taɓa ba, akwai abin da ke bayansa. In haka ne, abin da suke faɗa gaskiya ne, ni na ƙarasa ta." Ta ɗago ta dube ni. "Roba ba ta gaya mini komai. Ke kaɗai kika taɓa wurin. Ki gaya mini ni kaɗai, na rantse ba zai fita daga ɗakin nan ba."

Tausayinta ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Yarinyar nan ni na tauna mata abinci na sa mata a baki. Amma haushina ma na nan daram, su biyun suna zaune a ƙirjina ba mai ba wani wuri.

"Kin nemi izinin Amama kafin ki buɗe mata ƙirji a gaban maza?"

"Ba lokacin neman izini ba ne."

"To ni ma ba ta ba ni izinin buɗe shi a gabanki ba. Kuma yanzu ba ta da bakin bayarwa."

"Ni ba bakin famfo ba ce, Mma. 'Yarki ce ni."

"Kowa da ya taɓa tambayata ɗan wani ne. Miji ya tambaya, uwa ta tambaya tana birgima a ƙasa. Ba ki fi su ba."

Ta miƙe tsaye, ta share fuska da bayan hannu. Durƙuson ya ƙare, Mulikar Legas ta dawo.

"Wannan ba amana ba ce. Haushi ne, don na ture ki."

"Haushin na nan, ban ce babu ba. Amma ko goya ni kika yi ranar, amsar ɗaya ce."

"Kin fi son matattu, Mma. Su ba sa mayar miki da magana."

"Kuma ba sa ture ni."

Ta fita ta bar mini ƙofa a buɗe. Na duba faifai na ga na haɗe tsakuwa da waken da na riga na tsince, sai da na sake daga fari.

Asabar ta zo. Ba zan ce na je kallo ba, hanyar kasuwa ce ta bi ta ƙofar shagon, kuma ba don ita zan zagaya ta bakin gota ba. Wani ya riga ya watsa wa allon laka, an goge amma tabon na nan. A tsallaken layi direbobi sun jera a benci wajen mai shayi, ba shayin suke sha ba, ido suka zuba. Duk wanda ya rage tafiya kusa da ƙofar sai ɗaya ya ɗaga murya ya ce a shiga da haƙarƙari a fito babu, sauran su kwashe da dariya.

Na tsaya a taga. Bencinan da ta aro daga makarantar allo duk a jere, an share su tas. A na gaba akwai wani malamin firamare daga Adabraka da labari bai kai masa ba, da wasu mata biyu masu dako a kasuwa, da kwanoninsu a gefe. Su ke nan ajin.

Mulikatu ta sa farar riga ta asibiti, an goge ta har tana ɗaukar ido. Ta nuna musu yadda ake tsayar da jini, ta ɗaure hannun malamin da bandeji ta kwance. Ta nuna yadda ake kwantar da wanda ya suma a gefensa, ta ce ƙuna ruwan sanyi take so ba manja ba. Muryarta ba ta rawa, hannunta na sauri. Na ce a raina, 'yar banza, ashe ta iya. Har matan dakon suka fara yi mata tambaya.

Sannan ta jawo robar tsakiyar tabarma ta durƙusa.

"Yanzu in zuciya ta tsaya," ta ce. "Ku duba inda zan sa hannu."

Ta ɗora tafin hannu ɗaya a ƙirjin, ta ɗora ɗayan a kai, ta miƙe gwiwar hannu. Sai ta ɗan matsa sama. Ta tsaya. Ta dawo ƙasa kaɗan. Ta ɗaga hannuwan gaba ɗaya, ta shafa wurin da yatsu, ta mayar. Malamin ya riƙe biro yana jira. Abin da ta yi sau ba adadi a gaban duk mai leƙe, yau kafaɗunta sun ƙi sauka. Ɗaya daga cikin matan dakon ta dubi 'yar'uwarta.

Ta ɗago kai ta dubi taga. Ashe tun ɗazu ta san ina nan.

"Mma," ta ce, a gaban ɗalibanta, da wata ƙaramar murya da na rabu da ji tun tana yarinya. "A nan ne?"

Na san amsar. Tana cikin yatsuna, na ji ta a ƙarƙashin zane ranar, ina jin ta a lokacin da nake tsaye riƙe da ƙarfen tagar. Gyaɗa kai kaɗai ya isa, ko girgiza shi. Direbobi a bayana su ma wuyana suke kallo. Na so yarinyar nan a lokacin fiye da duk yadda na taɓa son ta. Na riƙe wuyana ƙam, ban motsa ba.

Ta jira. Ta daɗe tana jira, hannuwanta a kan ƙirjin robar.

Daga nan ta janye su a hankali ta ɗora a cinya. Ta ce da ɗaliban su yi haƙuri, darasi ya ƙare, ba sai sun dawo ba. Ta miƙe ta tako har inda nake, ba ta dube ni ba, ta jawo tagar ta rufe a fuskata.